Tom da Jerry na Da: Tambayoyi da Amsoshi kan Barkwancinsu da Ingancin Zanensu

Iyaye masu neman abin da za su kunna wa yara, matasa masu koyon zane mai motsi a kwamfuta, da manyan da suka taso suna kallon muzurun nan da ɓeran nan a talabijin, duk tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Inda aka ce "na da", ana nufin gajerun finafinan da aka yi domin silima daga 1940 zuwa 1967.

Su wane ne suka ƙirƙiro Tom da Jerry, kuma yaushe?

William Hanna da Joseph Barbera ne, ma'aikata biyu a sashen katun na kamfanin finafinai na MGM da ke Culver City a jihar Kalifoniya ta Amurka. Fim ɗinsu na farko, Puss Gets the Boot, ya fito a watan Fabrairun 1940. A cikinsa sunan muzurun Jasper, ɓeran kuwa ba a ambaci sunansa ba. Wanda ya saba da Tom na baya zai sha mamaki in ya gan shi: gashi buzu-buzu, tafiya da ƙafa huɗu, kuka irin na kyanwar gaske. Labarin ma ba shi da yawa. Jasper ya fasa tukunyar fure, matar gidan ta ja masa kunne cewa in ya ƙara fasa wani abu to ya bar gidan ke nan, shi kuma ɓeran ya gane ya samu makami. Sai ya ɗauki kofin gilashi ya tsaya a bakin kanta yana barazanar sakinsa ƙasa.

Da farko shugabannin kamfanin ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, don faɗan kyanwa da ɓera tsohon zance ne a katun ko a wancan lokacin. Amma fim ɗin ya karɓu, har ya shiga jerin masu neman lambar yabo ta Oscar, sai aka ce su ci gaba. A fim na biyu, The Midnight Snack na 1941, suka fito da sunayen da duniya ta san su da su.

Finafinan na da guda nawa ne?

Kashi uku ne. Na farko, wanda ake nufi in an ce Tom da Jerry na asali, guda 114 ne da Hanna da Barbera suka ba da umarni daga 1940 zuwa 1958. Na biyu guda 13 ne da Gene Deitch ya yi a birnin Prag a 1961 da 1962. Na uku guda 34 ne na Chuck Jones, daga 1963 zuwa 1967. Jimilla 161 ke nan. Yawancinsu wajen minti bakwai ne, domin ana nuna su ne a silima kafin a fara babban fim, manya da yara zaune a zaure ɗaya. Wannan na da muhimmanci: ba don yara kaɗai aka yi su ba. Bambancin kasusuwan uku yana ƙasa, a amsar da ta yi bayanin Deitch da Jones.

Me ya sa ba sa magana?

Domin jikinsu ya isa. Barkwancin ya gaji irin na finafinan da ba su da sauti, zamanin su Charlie Chaplin da Buster Keaton, inda gira da kafaɗa da salon tafiya ke faɗin komai. In Tom ya ƙanƙance ido ya murza hannuwa, kowa ya san mugunta yake ƙullawa. In Jerry ya riƙe ƙugu yana buga ƙafa ɗaya a ƙasa, an san ransa ya ɓaci. Shi ya sa katun ɗin ya shiga gidajenmu ba tare da wani tafinta ba. Fim ɗin Indiya sai an fassara shi da Hausa kafin wasu su bi labarin, amma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba da jikanta ɗan shekara huɗu za su fashe da dariya a daƙiƙa ɗaya in Tom ya taka manjagara.

Akwai 'yan wuraren da suka buɗe baki. Tom ya rera waƙar soyayya yana kaɗa ƙaton garaya na Turawa a Solid Serenade na 1946, kare Spike yana magana sosai, ɗan ƙaramin ɓera Nibbles kuma yana Faransanci a finafinan da suka zama sojojin sarki. Ihun nan na Tom mai tsinka zuciya, muryar William Hanna ce da kansa. Da aka yi dogon fim a 1992 aka sa su suna hira da waƙa a mafi yawan fim ɗin, masoya da yawa sun ga an zubar da abin da ya sa suke ƙaunarsu, kuma suna da gaskiya.

Ina ainihin abin dariyar yake? Ba duka da faɗuwa ba ne kawai?

Da duka ne kawai, da tuni an manta da su, domin katun masu duka a wancan zamanin sun fi a ƙirga. Sirrin yana wajen auna lokaci. Kusan kowane abin dariya a cikinsu hawa uku ne. Da farko ana nuna wa mai kallo tarkon tun kafin Tom ya gan shi. Sai a ɗan ja, a bar mai kallo yana jira. Sai bugun ya sauka. Amma dariya mafi ƙarfi ba a bugun take ba, tana cikin ɗan shirun da ke biyo baya, lokacin da Tom ya tsaya cak bai riga ya ji zafin ba, ko ya ɗago ido ya dubi mai kallo da fuskar wanda ya san ta faru ta ƙare. Rage wannan shirun da rabin daƙiƙa, abin ya zama mugunta kawai. Ƙara shi da rabin daƙiƙa, ya yi sanyi.

A duba Quiet Please! na 1945. Spike yana son barci, ya damƙi Tom ya gargaɗe shi cewa in aka ƙara tashinsa sai ya feɗe shi da ransa. Jerry ya ji. Daga nan farautar ta juye: Tom ba ɓera yake bi ba, shiru yake tsaro. Jerry ya hau kanta ya fara sako ƙwayayen fitila ɗaya bayan ɗaya, Tom na cafewa da duk gaɓar da ta rage masa, har ya ƙame a tsaye ba halin motsi. Mai kallo ya ɗauka an kai ƙarshe. Sai Jerry ya sauko a natse, ya kama jelar Tom ya cusa a soket, ƙwayayen suka kama haske a jikinsa, sannan ya tura masa takalmin taya ƙarƙashin ƙafa ya nufi kan karen. Kowane mataki daga na bayansa ya fito, babu wanda aka jefo daga sama. Doka ɗaya aka kafa a minti na farko, kada a yi ƙara, kuma duk sauran fim ɗin tatsar wannan dokar ake yi.

Saurin ma ba haka yake ba tun farko. Finafinan 1940 zuwa 1942 a hankali suke tafiya. Da Tex Avery ya zo MGM daga kamfanin Warner a farkon shekarun 1940 da katun nasa masu gudu da wuce gona da iri, gasa ta sa Hanna da Barbera suka ƙara wuta. Daga wajen 1944 zuwa farkon shekarun 1950 ne sauri da natsuwa suka daidaita, kuma nan ne gwanintar take.

Tsakanin Tom da Jerry, wa ke ɗauke da fim ɗin?

Tom ne, ko da yake Jerry ke yawan cin nasara. Jerry fuskarsa kaɗan ce: murmushi, tsoro, fushi, wayo. Tom kuwa yana da girman kai, kwaɗayi, kunya, soyayya, tsoron a kore shi daga gida, da taurin kai marar iyaka. A Mouse Trouble na 1944 ya sayi littafin koyon kama ɓera yana bin sa babi-babi, kowane babi na ƙara masa rauni. Bindiga ta aske masa tsakiyar kai, sai ya sa gashin aro ya buɗe shafi na gaba. Abin da ke ba da dariya shi ne har yanzu ya yarda da littafin. Yaro yakan goyi bayan Jerry, amma da mutum ya girma ya san wahalar aiki da faɗan maigida, sai ya tarar tausayinsa ya koma wajen Tom.

Abokan gaba ne na gaske, ko akwai zumunci a tsakaninsu?

Duka biyun. A The Night Before Christmas na 1941, Tom ya toshe ƙofa ya bar Jerry a waje cikin dusar ƙanƙara, ya kwanta gefen wuta, amma barci ya ƙi zuwa. Ya fita ya ɗauko shi a daskare ya gasa shi har ya farfaɗo. A The Lonesome Mouse na 1943 Jerry ya sa an kori Tom, kaɗaici ya dame shi, ya ƙulla dabarar dawo da shi. A Old Rockin' Chair Tom na 1948 sun haɗa kai sun kori sabon muzurun da aka kawo ya maye gurbin Tom. Sulhun ba ya daɗewa. A The Truce Hurts su biyu da Spike har takardar zaman lafiya suka sa wa hannu, tsokar nama guda ta wargaza ta. Masu shirya fim ɗin sun san yawan sulhu zai kashe wasan, kuma abin da ya faru ke nan a 1975, kamar yadda aka yi bayani a amsar raguwar inganci.

Yaya ake yin zanen a lokacin da babu kwamfuta?

Da hannu, takarda bayan takarda. Fim ɗin silima yana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka katun na minti bakwai ya haura hoto dubu goma. Inda motsi ke da sauri, kowane hoto sai an yi masa sabon zane. Inda yake a hankali, akan ɗauki zane ɗaya sau biyu. Aikin a rabe yake. Barbera ne ke ƙirƙiro labari yana zana shi a gurguje. Hanna ne ke auna lokaci: yana rubuta a takardar tsari cewa wannan motsin hoto kaza zai ci, wannan shirun hoto kaza, yana kwaikwayon motsin da jikinsa a gaban masu zane. Kafin a shiga aikin gaske sukan ɗauki zanen gurgujen a fim na gwaji su kalla, su ga ko dariyar ta faɗo a inda ake so.

Daga nan sai manyan masu zane su karɓa. Mutum huɗu ne sunayensu suka fi fitowa a allon farko: Kenneth Muse, Irven Spence, Ed Barge da Ray Patterson. Su ke zana muhimman tsayuwa, mataimaka su cike tsakani. Sai a kwafe kowane zane da tawada a kan wata takardar roba mai garai-garai, a juya bayanta a shafa fenti, aikin da galibi mata ne ke yin sa a ɗaki guda. A ɗora robar a kan hoton ɗaki ko lambu da aka zana daban, a ɗauka da kyamara, a cire, a ɗora ta gaba. Launin kuwa na Technicolor ne, shi ya sa har yau bai kode ba in aka samu kwafi mai kyau.

Wanda ya ƙura ido zai fara gane hannun kowa. Muse, wanda ya yi aiki a Disney kafin ya zo, zanensa cike yake da nauyi da ƙananan bayanai, Tom ɗinsa har haƙora da gashin kunci a jere. Spence kuwa na gudu ne da ruɗani, layinsa a sake, kuma in jiki ya tarwatse ko ya miƙe fiye da hankali, sau da yawa aikinsa ne.

Me ke sa motsinsu ya fi na katun da yawa na yanzu daɗin kallo?

Nauyi. In Tom zai zura da gudu, sai ya fara ja da baya ya tattara jikinsa, ƙafafu su yi ta juyawa a wuri ɗaya, sannan ya ɓace ya bar ƙura. In ya tsaya, jela da kunnuwa da fatar ciki ba sa tsayawa tare da shi, sai sun ɗan wuce sun dawo. In kaskon suya ya sauka a fuskarsa, fuskar takan ɗauki siffar kaskon, kaskon ya yi ta kaɗawa, sannan jikin ya sulale ƙasa. Jiki na matsewa yana miƙewa, amma yawansa ba ya raguwa, shi ya sa ido ke yarda cewa nama ne da ƙashi ko da abin da ke faruwa ba zai yiwu ba. Kuma gaba ɗayan jikin ke wasa, ba baki da ido kaɗai ba. A tsayar da fim ɗin a tsakiyar gudu, za a ga wani zane da aka ja shi ya yi tsawo, ko hannu ya zama uku. Ba kuskure ba ne. An yi shi ne don hoto ɗaya tak, ido ba ya kama shi, amma yana jin saurin.

Ba kwamfuta ce ke ɓata na yanzu ba. Akwai masu yin aiki mai kyau da ita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokaci da kuɗin da za a ba mutum ya zauna kan daƙiƙa biyar har su yi daidai. Ga mai koyon wannan sana'a, babu darasin da ya fi ya ɗauki daƙiƙa uku na Tom yana sanɗa, ya bi su hoto-hoto da fensir a hannu.

Wa ke yin kiɗan, kuma me ya sa yake bin kowane motsi?

Scott Bradley ne ya tsara kiɗan finafinan Hanna da Barbera, in ban da guda ɗaya, kuma makaɗan MGM ne ke kaɗawa. Tunda Hanna ya riga ya rubuta tsawon kowane motsi, Bradley na iya ɗora sauti a kan kowane taku. Sanɗar Tom, ƙiftawar idon Jerry, gangarowar kwano daga bene, duk suna da nasu. Kiɗan ne ke tsaye a madadin maganar da ba a yi. Yakan haɗa jaz da waƙoƙin finafinan MGM da kiɗan gargajiyar Turai, har da salon zamani mai wuyar kaɗawa na Arnold Schoenberg. A kashe sautin a kalli minti ɗaya, za a ga rabin dariyar ta tafi.

Ƙololuwar wannan haɗin ita ce The Cat Concerto. Tom ya fito da baƙar kwat, ya rusuna wa jama'a, ya gyara kujera, ya fara kaɗa Hungarian Rhapsody mai lamba 2 ta Franz Liszt a fiyano. Jerry na barci a cikin fiyanon, 'yan gudumomin ciki suka fara wurgi da shi. Duk faɗan da ya biyo baya, da rufe wa Tom yatsu da murfi, da almakashi, da tarkon ɓera a cikin madannai, an yi shi ba tare da kiɗan ya yanke ba, domin girman kan Tom ba zai bar shi ya tsaya a gaban jama'a ba. A ƙarshe Jerry ya karɓe kiɗan daga ciki, ya yi ta maimaita ƙarshensa da sauri, Tom na bin madannai don kada asiri ya tonu, har kwat ta yage ya kife a kan fiyanon. Jerry ya fito ya karɓi tafi. Kusan lokaci ɗaya kamfanin Warner ya fitar da Rhapsody Rabbit, zomo Bugs Bunny na kaɗa kiɗa ɗaya da ɓera a cikin fiyano, kuma kowane kamfani ya zargi ɗayan da satar dabara.

Gaskiya ne sun ci lambar Oscar?

Har sau bakwai: The Yankee Doodle Mouse, Mouse Trouble, Quiet Please!, The Cat Concerto, The Little Orphan, The Two Mouseketeers da Johann Mouse. Huɗun farko a jere suka zo, shekara bayan shekara. Abin takaici shi ne furodusa Fred Quimby ne ke karɓar lambar da sunansa, alhali ba shi ke zane ko ƙirƙirar labari ba. Jerry ya kuma yi rawa da Gene Kelly a fim ɗin mutane Anchors Aweigh na 1945, aikin da ya buƙaci a daidaita zane da takun ɗan Adam hoto-hoto, har da inuwarsa a daɓe.

Me ya sa ingancin ya ragu daga baya?

Kuɗi. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya hana manyan kamfanoni tilasta wa gidajen silima sayen finafinansu a dunƙule, sannan talabijin ta fara janye 'yan kallo. Gajeren katun ya zama kaya mai tsada marar riba sosai. Daga tsakiyar shekarun 1950 za a ga Tom ya yi sumul, gashin kunci ya ragu, ɗakunan bayansa sun zama layi da launi kawai. An koma faffaɗan allo na CinemaScope daga 1954, Quimby ya yi ritaya a 1955, sannan MGM ta lura cewa sake fitar da tsofaffin finafinan na kawo kuɗi ba tare da kashe ko sisi ba. A 1957 ta rufe sashen katun. Tot Watchers, na ƙarshe a kashin Hanna da Barbera, ya fito a 1958.

Hanna da Barbera suka buɗe nasu kamfani suka koma talabijin, inda kuɗin bai kai ko kusa ba. Sai suka rungumi zane mai tsimi: jiki a tsaye, baki kaɗai ke motsi, a sa wa dabba kwala ko laƙatayi don a riƙa canza kai ba tare da an sake zana jiki ba, hoton baya kuma ya yi ta maimaituwa in ana gudu. Da haka aka yi Huckleberry Hound da The Flintstones, kuma magana ce ke ɗauke da su. Tom da Jerry ba su da magana. Da aka dawo da su talabijin a 1975, ga tsimin zane ga dokokin hana duka a shirye-shiryen yara, sai aka mai da su aminai masu yawo tare, Jerry da jan laƙatayi a wuya. Tom ya koma kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi.

Wasu na da suna da sauti mai ban tsoro, wasu kuma Tom na da gira mai kauri. Me ya sa?

Masu sautin ban tsoro na Gene Deitch ne. Ba'amurke ne da ke aiki a Prag, babban birnin Cekoslobakiya ta lokacin, da masu zanen da ba su taso da waɗannan finafinan ba, da kuɗi kaɗan ƙwarai. Motsin na fizge-fizge, sautin na amsa kuwwa, kuma an ba Tom wani maigida ƙato mai zafin rai da ke jibgarsa har abin ya daina ba da dariya. Sun kawo kuɗi a silima, amma su ne mafi rauni, domin shirun nan da aka yi bayani a amsar abin dariya babu shi.

Mai girar kuwa na Chuck Jones ne, gwanin da ya fito daga Warner, wanda ya ƙirƙiro katun ɗin tsuntsu mai gudu Road Runner. A nasa Tom na da gira mai kauri da kunci cike, Jerry na da manyan kunnuwa da idanu masu ban sha'awa, kuma a farkon fim Tom ne ke fitowa a gurbin zakin da ke tambarin MGM. Zanen na da kyau da tsabta. Sai dai Jones mai son tsayuwa ne da kallon gefen ido, ya fi ba fuska lokaci a kan gudu, don haka farautar ta rasa zafinta. Ana kallonsu da daɗi, amma wani abu ne daban.

Wace ce matar da ake ganin ƙafafunta kawai, kuma me ya sa ake cire ta?

Ana kiranta Mammy Two Shoes, kuma 'yar wasa Lillian Randolph ce ta fi yin muryarta. Baƙar fata ce mai jiki, da silifa da tsintsiya, an gina ta a kan tsohon hoton raini da fararen Amurka ke yi wa baƙaƙen mata 'yan aikin gida tun zamanin bauta, har da karyayyen Turancin da aka sa mata. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP ta yi ƙorafi, kuma fitowarta ta ƙarshe a 1952 ce, a Push-Button Kitty. Daga baya, don talabijin, an sake zana ta a matsayin farar mace a wasu, an canza murya a wasu. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai wuraren da nakiya ke fashewa fuska ta yi baƙi ƙirin da manyan leɓuna, kwaikwayon wasan da farare ke shafa baƙi don yi wa baƙaƙe ba'a. His Mouse Friday na 1951 kuma ya nuna baƙaƙen mutanen tsibiri a matsayin masu cin naman mutane.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin fatarmu ake wa dariya, kuma gwanintar zane ba ta wanke shi. A wasu faya-fayan DVD an sa 'yar fim Whoopi Goldberg ta yi gabatarwa cewa abin ba daidai ba ne a da, ba daidai ba ne a yau, amma share shi tamkar cewa bai faru ba ne. A 2014 Amazon da iTunes suka sa gargaɗi irin wannan. Ga babba, hanyar da ta fi ke nan: ya gani ya sani. Ga ƙaramin yaro, gara a tsallake.

Ya dace a bar yara su kalla?

Yawancinsu eh, amma da ido a kai. Babu jini, kuma duk abin da ya sami Tom yakan warke a fitowa ta gaba. Sai dai kayan da ake amfani da su na gida ne: ashana, wuƙa, dutsen guga, soket, guduma. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana buƙatar a gaya masa ƙarara cewa wannan zane ne, kuma kyanwar gidansu tana jin zafi. Akwai kuma shan sigari, wanda ya sa tashar Boomerang ta yanke wasu wurare a Birtaniya a 2006, da maye, da sumbata in Tom na neman budurwa. Heavenly Puss na 1949 yana nuna lahira da wuta a sigar da ba ta dace da abin da muke koya wa 'ya'yanmu ba. Uwa ko uba su fara kalla, minti bakwai ne kawai. A duba kuma amsar da ke sama kan wariyar launin fata.

Da gaske ne a fim na ƙarshe sun kashe kansu a layin dogo?

A'a. Fim ɗin da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp shi ne Blue Cat Blues na 1956, inda budurwa ta yaudari Tom, ta Jerry ma ta yaudare shi, suka zauna a kan layin dogo ana jin kukan jirgi. Ba a nuna mutuwarsu ba, kuma ba shi ne na ƙarshe ba, wasu sun biyo bayansa har 1958. Amma fim ne mai nauyi, ba na yara ba.

Akwai wasu katun na kyanwa da ɓera ban da su?

Akwai, har da waɗanda suka riga su. Krazy Kat na George Herriman ya fito a jaridun Amurka daga 1913 zuwa 1944, inda ɓera Ignatz ke jifan kyanwa da bulo ita kuma tana ɗaukar hakan soyayya. Herman da Katnip na Paramount sun bi sawun Tom da Jerry, amma dukansu ya fi muni, tausayi kuma babu. Warner na da Sylvester da ɓera mai gudu Speedy Gonzales. Hanna da Barbera da kansu sun yi Pixie da Dixie da muzuru Mista Jinks don talabijin, masu yawan surutu. Itchy da Scratchy na cikin The Simpsons kuwa shaguɓe ne ga irin wannan katun gaba ɗaya, da jini da yanka, kuma sam ba na yara ba ne.

Daga wanne zan fara, kuma yaya zan gane na asali?

A duba allon farko. In an ga zakin MGM, da sunan Hanna da Barbera a matsayin masu ba da umarni, da Scott Bradley a kiɗa, da Fred Quimby a ƙarshe, to an samu na zamanin gwaninta. A fara da Mouse Trouble, Quiet Please!, Solid Serenade da The Cat Concerto. Sai Mouse in Manhattan na 1945, inda Jerry ya tafi birnin New York shi kaɗai, don ganin kyan hotunan baya. Sai Mice Follies na 1954, da ɓeraye suka cika kicin da ruwa suka daskarar da shi da firij suna sulu a kai. Sai Pecos Pest na 1955, inda kawun Jerry mai jita ke tsinke gashin bakin Tom duk sa'ad da tsirkiyarsa ta tsinke.

Kwafi ma na da tasiri. Da yawa daga waɗanda ake turawa waya zuwa waya, ko ake ɗorawa a YouTube ba da izini ba, an ƙara musu sauri, an yanke sama da ƙasa don su cika allo, ko an ɗora wani kiɗa a kai. Ƙarin sauri kaɗan ya isa ya rushe lissafin Hanna. Finafinan kafin 1954 allonsu kusan murabba'i ne, don haka baƙin fili a dama da hagu alama ce mai kyau. Warner Bros. ce ke da mallakinsu yanzu, kuma tasharta ta WB Kids a YouTube na ɗora su da hoto mai tsabta, ko da yake sau da yawa guntu-guntu ne a haɗe, ba cikakken fim daga allon farko zuwa na ƙarshe ba.